Gani Ya Kori Ji: Mu Zana Garuruwan Da Muka Baro

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu girma, ina so in yi magana a kan darasin nan da kowa ya raina a makarantun firamare, watau darasin zane. Duk wanda ya taɓa fita gwajin koyarwa ya san yadda a ke yi da shi. In malami ya gaji, sai ya ce wa yara su zana kofi ko kaza, shi kuwa ya koma gindin darbejiya ya sha iska. In jarrabawa ta matso, shi a ke fara yankewa a ba lissafi lokacinsa. Ni kuwa a ganina, a ƙasar Barno ta yau, darussan da suka fi shi nauyi ba su da yawa. Dalilina zan ɗauko shi daga nesa, daga wata al'umma da a ke kira Armeniyawa, sa'an nan in komo da shi gida.

Armeniyawa mutanen duwatsu ne, asalin ƙasarsu tana tsakanin Turkiyya da Iran da Rasha. Da ya ke suna zaune tsakanin manyan dauloli, ba sau ɗaya ba aka tashe su daga gidajensu. A 1604 Shah Abbas, Sarkin Farisa, ya kwashe mutanen garin Julfa da na kewayensa, ya kora su zuwa Isfahan, da yawa suka halaka a hanya wajen ƙetare kogin Aras. Waɗanda suka isa suka gina unguwa, suka sa mata suna Sabuwar Julfa. Amma babbar masifa ita ce ta 1915, cikin Yaƙin Duniya na Farko. Ran 24 ga Afril na shekarar nan hukumar Daular Usmaniyya ta kama shugabanninsu da masu iliminsu a Istambul. Daga nan aka shiga karkashe maza, aka kora mata da yara da tsofaffi a ƙasa zuwa hamadar Sham. Masana tarihi da yawa sun ce waɗanda suka mutu sun kai miliyan 1, Armeniyawa su kansu sun ce miliyan 1 da rabi. Ƙasashe da yawa sun kira abin kisan ƙare dangi, gwamnatin Turkiyya kuwa ba ta yarda da wannan suna ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ai faɗan Musulmi da Kirista na ke so in tono. Aikin masu mulki ne na wancan zamani, waɗanda yaƙi da ƙabilanci suka rufe wa ido. Larabawan Sham da yawa sun ɓoye marayun Armeniyawa sun ciyar da su, Sharif Husaini na Makka ma ya rubuta takarda yana umurtar mutanensa su kiyaye su kamar yadda za su kiyaye kansu da 'ya'yansu. Mu nan Barno mun san cewa mai ƙone gari ba ya tambayar inda ka ke salla ko sujada kafin ya sa wuta.

Cikin waɗanda suka tsira akwai wani yaro daga ƙauyen Korkom, a bakin tafkin Van, wanda duniya ta sani daga baya da sunan Arshil Gorki. Ubansa ya riga ya tafi Amurka neman abinci tun yaron yana ƙarami. A 1912 uwar ta ɗauki ɗanta suka je wurin mai ɗaukar hoto a birnin Van, ita tana zaune, shi yana tsaye kusa da ita riƙe da 'yan furanni, aka aika wa uban hoton don ya tuna yana da iyali. Da 1915 ta zo, suka gudu a ƙasa, tafiyar fiye da mil 100, har suka kai Yerevan. Can yunwa ta kashe uwar a 1919. A 1920 yaron da ƙanwarsa suka isa Amurka, ya tarad da hoton nan a gidan ubansa.

To, ga abin da ya yi da shi. Tun daga wajen 1926 ya kafa zane babba yana kwaikwayon hoton da fenti, ya yi kamar shekara 10 a kansa, yana shafawa yana kankarewa yana sāke shafawa. Ya yi zane biyu, ɗaya yana wani gidan ajiye zane-zane a New York, ɗaya a Washinton, sunansu kuwa "Mai Zane da Uwarsa". In ka dubi na New York ba za ka ga soja ba, ba bindiga, ba jini, ba ayarin masu gudu. Uwa ce kawai da ɗanta. Amma fuskar uwar ta yi fari fat kamar ta wadda aka riga aka yi wa sutura, idanunta manya sun kafe mai kallo. Rigar da ta ɗaura a gaba, wadda a hoton asali ta ke da adon furanni, ya bar ta fara ba kome. Hannuwanta kuwa bai fitar musu da yatsu ba, sai dunƙule biyu farare a kan cinyarta. Mutumin da ya iya zana ido haka, yatsa ba za ta gagare shi ba. Ni a nawa karatun, hannun da ya ciyar da shi ne ya kasa gamawa, domin in ya gama, ya sallame ta ke nan.

In an ce maka mutum miliyan 1 sun mutu, sai ka ce Allah ya ji ƙansu, ka ci gaba da cin tuwonka, domin miliyan ba ta da fuska. Amma in ka haɗa ido da matar nan, tuwon ba ya wucewa da sauƙi. Wannan shi ne aikin zane. Lissafi yana faɗa mana yawan waɗanda suka tafi, zane kuwa yana nuna mana ko su wane ne.

Ba masu fenti kaɗai suka yi wannan aiki ba. Akwai wani littafin wa'azi na Armeniyawa da aka rubuta da hannu a kan fatar maraƙi tsakanin 1200 da 1202, da adon zane a shafuffukansa, nauyinsa ya kai kilo 28. Yana ajiye a wani gidan ibada kusa da garin Mush. A 1915 waɗansu mata biyu masu gudu suka same shi, suka ga ba mai iya ɗaukarsa ita kaɗai, sai suka raba shi biyu, kowacce ta goya rabi. Ɗaya ta kai nata lafiya. Ɗayar ta binne nata a harabar wani coci a Erzurum kafin ta rasu, daga baya wani hafsan sojan Rasha ya same shi. Yau an haɗa su, littafin yana gidan ajiyar littattafai na Matenadaran a Yerevan. Haka kuma 'yan mata marayu da aka tara a Gazir, ƙasar Labanan, suka saƙa wata babbar darduma mai ƙulli fiye da miliyan 4, da siffofin dabbobi da itatuwa, aka kai wa Shugaban Amurka Coolidge a 1925 don godiya bisa taimakon da mutanen ƙasarsa suka yi musu. Ku lura, 'yan'uwa, da masu aikin nan: yaro maraya, da mata biyu, da 'yan mata marasa iyaye. Ba sarki ko ɗaya a cikinsu. Ba su jira hukuma ta ba su umurni ba.

Yanzu mu komo gida. Gudu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Barno. A 1808 aka ci Birnin Gazargamu, wanda ya yi fiye da shekara 300 yana babban birnin daula, mutanensa suka watse. Shehu Laminu ya kafa Kukawa a 1814. A 1893 Rabe ya rushe Kukawa, ya koma Dikwa ya zauna. Bayan an kashe Rabe a Kusuri ran 22 ga Afril 1900, sai a 1907 Shehu Garbai ya tare a Yerwa, wadda ta zama Maidugurin da mu ke ciki. Ashe babban birninmu shi kansa ɗan gudun hijira ne. Unguwarmu ta Bulabulin ma, ma'anar sunanta da Barbarci sabon gari, kamar dai yadda waɗancan suka ce Sabuwar Julfa. Duk inda ka ji an ce sabon gari, ka tambaya ina tsohon.

To, wane zane mu ke da shi na waɗannan tashe-tashe? Baturen Ingila Denham, wanda ya zo Kukawa a 1823, ya zana Shehu Laminu yana zaune, ya zana barade cikin sulke. Barth, Bajamushen nan da ya zo a 1851, ya bar mana taswirar Kukawa, gari biyu, na gabas da na yamma, da fili a tsakaninsu. Nachtigal ya zo a 1870, littafinsa ma yana da zane-zanen birnin. Faransawa kuwa suka bar mana hoton kan Rabe a hannun sojansu. Mun gode da abin da muka samu, da babu gara ba daɗi. Amma duk baƙi ne suka yi su, don mutanensu, kuma abin da ya ba su sha'awa suka zana: sarki, da doki, da ganuwa, da kan abokin gaba. Matar da ta fita ƙofar Kukawa a 1893 da goyo a baya da tukunya a ka, ba ta cikin littattafan da mu ke karantawa. Muna da waƙoƙi da kirari, gaskiya ne, ba kuwa abin rainawa ba ne. Sai dai kirari sunan sarki ya ke riƙewa, da sunan jarumi. Sunan mai tallan ƙosai a bakin kasuwa, da wurin da rijiyar unguwa ta ke, waɗannan suna mutuwa tare da tsohuwar da ta san su.

Abin da ya sami kakanninmu ya sāke samunmu. A Agusta 2014 'yan Boko Haram suka kama Gwoza, a Satumba suka kama Bama, a Janairu 2015 suka afka wa Baga. Mutane fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu a arewa maso gabas, mafi yawansu 'yan Barno. Maiduguri ta cika ta batse. Makarantu suka zama masauki, har da makarantun horon malamai: Kwalejin Horon Malamai Mata da Kwalejin Horon Malaman Arabiyya duk sun zama sansani, an shanya tsumma a inda a ke rataye taswira. Amma waɗanda suka shiga sansani su ne kaɗan. Mafi yawa a gidajen dangi da na masu tausayi suka sauka, a Bulabulin da Gwange da sauran unguwanni, ɗaki ɗaya mutum goma. Daga 2021 zuwa 2022 gwamnatin jiha ta rufe sansanonin cikin birni, irin su Bakassi da Dalori. Waɗansu sun koma garuruwansu, waɗansu an kai su wani wuri, waɗansu kuwa sun zama 'yan Maiduguri, ba su da niyyar komawa.

Ba na cewa ba a yi kome ba. A Afril 2015 hukumar UNICEF ta fitar da rahoto cewa yara wajen 800,000 ne rikicin ya raba da gidajensu, ta kuma nuna wa duniya zane-zanen da waɗansunsu suka yi. 'Yar garin nan, Fati Abubakar, ta ɗauki kyamara ta shiga kasuwanni da tituna tana ɗaukar mutanen Barno cikin harkokinsu, don duniya ta san ba gawa kaɗai ke gare mu ba. Allah ya saka. Amma ina tambaya, zane-zanen da yaranmu suka yi a sansani, a hannun wa su ke yau? In jikan mutumin Baga ya tashi nan da shekara 50 yana so ya ga unguwar kakansa, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. Yaron da ya fito Bama yana da shekara 8 a 2014, yau saurayi ne, watakila ma yana zaune a ajinmu a kwalejin nan. Yaran da mu ke koyarwa a firamare kuwa, yawancinsu nan aka haife su. A makarantar da na yi gwajin koyarwa a Bulabulin, na tambayi 'yan aji huɗu garin iyayensu, suka yi ta kiran sunaye, Bama, Marte, Abadam, Damasak. Na ce su faɗa mini abu ɗaya da ke garin. Ajin ya yi tsit. Suna kawai suka gāda. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. An yi karin maganar nan don wanda ya tafi da ƙafarsa bisa son ransa. Wanda aka kora da wuta, bai kamata mu bari gida ya bar shi ba.

Ga shawarata, ba ta kuwa bukatar kuɗi mai yawa. Na farko, kowane ɗalibin kwalejin nan da zai fita gwajin koyarwa, a sa masa cikin aikinsa ya yi darasi a kan garin iyaye. Yaro ya koma gida ya zauna da uwarsa ko kakarsa, ta faɗa masa, shi ya zana: ga ƙofar gida, ga rumbu, ga tsamiyar da a ke zama, ga hanyar rafi, ga masallaci ko coci, ga gidan maƙwabci da sunan sana'arsa. Na biyu, a bayan kowace takarda a rubuta sunan garin, da unguwa, da shekarar da aka fito, da wanda ya ba da labari, da ranar da aka yi zanen. Zane ba suna ba kwanan wata, ado ne kawai. Da su kuwa ya zama shaida. Na uku, mu da kanmu, waɗanda suka ga garuruwan nan da idonsu, mu fara. Malamin da bai zana nasa ba, ba shi da bakin sa yaro. Na huɗu, kwaleji ta ware akwati a ɗakin karatu, gari gari, a ajiye su. A kuma ɗauki hoton kowanne da waya a ajiye a kwamfuta a wuri fiye da ɗaya, domin mun ga abin da ruwa ya yi ran 10 ga Satumba 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci unguwanni, mutanen da suka taɓa gudun wuta suka sāke gudun ruwa, takardun gidaje da na makarantu suka zama kunu.

Na san za a kawo mini suka, gara in tare ta tun yanzu. Wani zai ce addininsa bai yarda da zana abu mai rai ba. Wannan magana ce ta malamai, ba ni da hurumin yanke ta, ban kuma ce a tilasta wa kowa ba. Amma taswirar unguwa ba ta da rai, haka gida da rijiya da kwalekwale da itacen kuka. Ƙasar da mutanenta suka iya zayyanar Alƙur'ani da ɗinkin hular zanna, ba za a ce ba su san zane ba. Wanda ba zai zana fuskar uwarsa ba, ya zana ɗakinta da jeren kwanoninta. Mai ido zai gan ta a ciki.

Wani kuma zai ce wannan fāma miki ne, a bar yara su manta. Wannan suka ta fi nauyi, ina kuwa girmama ta. Shi ya sa na ce garin za a zana, ba ranar da aka ƙone shi ba. Gorki ma ai ba ranar gudu ya zana ba, ranar ɗaukar hoto ya zana, sa'ad da uwarsa ke da rai. Kada malami ya ce wa yaro ya zana abin da ya faru. In yaro ya zana bindiga da kansa, kada a tsawata masa, kada kuma a ɗaga takardarsa a nuna wa aji. A karɓa da hannu biyu, a zauna da shi, in abin ya fi ƙarfin malami a nemi waɗanda suka san aikin. Uwar da ta ce ba ta son magana, a ƙyale ta. Amma mu sani, shirun da manya ke yi ba ya hana yaro sanin akwai abu. Yana hana shi sanin kyakkyawan ne kawai, ya bar shi da tsoro.

Na uku zai ce ba takarda, ba fensir, aji ɗaya yara fiye da 100, ga jarrabawa. Gaskiya ne. Amma bayan tsohuwar takardar jarrabawa fari ne, gawayi kuwa ba a sayensa da tsada. Kuma wa ya ce wannan ba karatu ba ne? Yaron da ya zana hanya daga Marte zuwa Maiduguri ya yi labarin ƙasa. Wanda ya tambayi kakarsa ya rubuta amsa ya yi tarihi, ya yi rubutu. Wanda ya auna tsakar gida da taki ya rage ta ta shiga takarda ya yi lissafi. Muna koya musu kogunan Turai da ba za su taɓa sha ba, ba mu koya musu sunan rafin da uwarsu ta yi wanki.

Akwai kuma masu cewa ai zane ba ya hana yaƙi. Haka ne. Zanen Gorki bai hana Armeniyawa fiye da 100,000 barin Nagorno Karabak cikin 'yan kwanaki a Satumba 2023 ba. Ban yi wa kowa alkawarin takarda za ta tare harsashi ba. Abin da ta ke yi shi ne, ta hana a ce ba a yi ba, ta hana a ce ba kowa a wurin. Ran da za a zauna rabon gonaki a garin da aka koma, ko ran da wani zai tashi ya ce mutanen nan ba 'yan nan ba ne, takardar da yaro ya zana daga bakin kakarsa za ta yi magana. Ko ba ta yi a gaban alƙali ba, za ta yi a zuciyar jikoki.

'Yan'uwa, mu ne za mu riƙe allunan ƙasar nan shekara 30 masu zuwa. Kakanninmu na Kukawa ba su da takarda a hannun talaka, suna da uzuri. Mu muna da takarda, muna da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, muna da yara a gabanmu kowace safiya, tsofaffin da suka san garuruwan kuwa suna nan da ransu a zaurukan Bulabulin, kullum ana rage ɗaya. Ina roƙon Shugaban kwaleji da malaman sashen zane da na tarihi su dubi wannan magana kafin fita gwajin koyarwa mai zuwa. Wanda ya ga kuskure a shawarar nan, filin mujallar nan a buɗe ya ke, ya kawo tasa mu ji.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa. Amin.